Inshorar Lafiya ta Marasa Galihu: Wa Zai Kai Su Teburin Rajista?

A ranar 19 ga watan Mayu na shekarar 2022, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NHIA. Dokar ta ce wajibi ne kowane mazaunin Nijeriya ya shiga inshorar lafiya, ta kuma tanadi wani asusu na musamman domin biya wa waɗanda ba su da halin biya. A wajen sa hannun, Shugaban ya ambaci talakawa miliyan 83 da ake fatan asusun zai ɗauki nauyinsu. Amma zuwa shekarar 2025, adadin da hukumar da kanta ta bayar na dukan masu inshora a ƙasar nan, mai kuɗi da talaka, ma'aikaci da manomi, kimanin miliyan 20 ne, a cikin al'umma mai mutane sama da miliyan 200. Watau a cikin kowane mutum goma, wajen tara ba su da kati.

Mun ga ya dace mu tattauna wannan batu da masu karatunmu, domin da yawa daga cikin waɗanda aka yi dokar saboda su, muna zama da su a benci ɗaya ranar Lahadi, muna kuma haɗuwa da su a kasuwa da gona da bakin rijiya. Akwai doka, akwai ɗan kuɗi, akwai ofis. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai kama hannun gwauruwa ko tsoho ya kai shi teburin rajista, ya kuma tsaya har katin ya yi aiki.

ABIN DA RASHIN KATI KE JAWOWA

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da kashi 70 bisa ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan jinya a Nijeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa. Mun san ma'anar wannan a gidajenmu. Ciwo na zuwa, sai a sayar da akuya, a buɗe rumbu tun damina ba ta tsaya ba, a jinginar da gona, ko a cire yaro daga makaranta. Wani lokaci kuma sai a yi ta jinkiri ana jiƙa saiwa da sassaƙe, ana sayen ƙwaya ɗaya ɗaya a kemis, ba a tafi asibiti ba sai ciwo ya ci jiki.

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya gano cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kaiwa shekara biyar, kuma a cikin haihuwa 100,000, mata 512 ke rasa ransu. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duk duniya, a Nijeriya suke mutuwa. Haka nan kuma a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutane miliyan 133 ke cikin talauci ta fannoni dabam dabam, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 darajar Naira kuma ta faɗi, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi. Saboda haka maganar kati ba ƙaramar magana ba ce ga iyalin da ke lissafin mudun masara.

INDA AKA FITO

Tun a 1999, a ƙarshen mulkin soja, aka kafa tsohon shirin inshorar lafiya, NHIS, amma bai fara aiki ba sai a watan Yuni na 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fi cin moriyarsa, su da matansu ko mazajensu da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Shiga kuwa ganin dama ce. Manomi da mai tallar kosai da ɗan acaɓa ba su da albashin da za a cire wani abu a ciki, saboda haka shirin ya wuce su. Shi ya sa binciken nan na 2018 ya tarar cewa kimanin kashi 3 bisa ɗari kaɗai na manya 'yan shekara 15 zuwa 49 ke da inshora kowace iri.

A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ita ce ta kafa Asusun Kiwon Lafiya a Matakin Farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 bisa ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya kowace shekara. Sai dai ba a sa kuɗin a kasafi ba sai a 2018, inda aka ware kimanin Naira biliyan 55. Kusan rabin asusun ana biyan inshorar talakawa ne da shi, wani babban kaso yana zuwa ɗakunan shan magani domin magunguna da gyare-gyare da ma'aikata, ɗan abin da ya rage kuma na taimakon gaggawa ne. Dokar 2022 ta zo ta ɗora a kan wannan, ta lissafa waɗanda ta kira masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu, da matalauta waɗanda ba su da abin hannu.

YADDA ABIN YAKE TAFIYA

Ya kamata kowa ya fahimci cewa ba a Abuja ake rubuta sunan talaka ba. Kuɗin yana saukowa ne zuwa hukumomin jihohi, kamar PLASCHEMA a Filato, KADCHMA a Kaduna, KSCHMA a Kano, da GoHealth a Gombe. Su ne ke yin rajista, su ɗauki hoto, su haɗa mutum da wani ɗakin shan magani, galibi wanda aka zaɓa a mazaɓarsa. Daga nan hukumar za ta riƙa biyan wannan ɗakin shan magani wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ke cikin rajistarsa, ko ya zo ko bai zo ba. In ya zo, za a duba shi a ba shi magani ba tare da ya biya ba, muddin ciwon yana cikin jerin da aka amince da shi: awon ciki, haihuwa, kula da mai jego, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da ciwon haƙarƙari na yara, gwajin hawan jini da ciwon suga, da makamantansu. In abin ya fi ƙarfin ɗakin shan magani, sai a ba shi takardar turawa zuwa babban asibiti.

Wanda bai shiga sahun masu rauni ba, akwai ƙofar biya da kai. A 2020 aka buɗe shirin GIFSHIP, inda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya za su biya kuɗin shekara, wanda a farkonsa Naira 15,000 ne ga mutum ɗaya. Jihohi ma suna da irin wannan tsari ga manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, kowace da nata farashi. Haka kuma a watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka amince da su.

DUWATSUN DA KE KAN HANYA

To, in haka ne, me ya hana mutanenmu shiga? Dutse na fari shi ne rashin labari. Masu rajista sukan zo mazaɓa na 'yan kwanaki, wanda ya ji ya je, wanda ke gona ko rafi ya dawo ya tarar an tashi. Sau da yawa waɗanda ke kusa da kansila ko mai unguwa ne ke fara ji, alhali gwauruwar da ke bayan gari ita ce ta fi bukata.

Na biyu shi ne takardu. Ana neman lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, kuma tsofaffi da yawa a karkara ba su da ita. Ko da yake yin ta karo na fari kyauta ne a ƙa'ida, akwai kuɗin mota zuwa hedkwatar ƙaramar hukuma, akwai layi, akwai "injin ya lalace, ku dawo gobe". Yara ma suna bukatar tasu lambar, wadda ake haɗawa da ta uwa ko uba, kuma akan nemi takardar haihuwa. Sa'an nan ga matsalar suna: a katin baftisma an rubuta Rifkatu, a katin zaɓe Rebecca, a NIN kuma wani harafi ya faɗi. Na'ura ba ta san cewa mace ɗaya ce ba. Waɗanda rikici ya kora daga ƙauyukansu a Filato, Kudancin Kaduna, Binuwai, Adamawa da Borno sun fi kowa shan wannan wahala, domin takardunsu sun ƙone, mazaɓar da aka san su kuma ba nan suke zaune ba.

Na uku shi ne zaɓen wanda ya cancanta. Gwamnati tana da Rajistar Talakawa ta Ƙasa, wadda ake tattarawa ta wurin zama da mutanen gari su nuna gidajen da suka fi talauci, kuma jihohi sukan dogara da ita ko da shugabannin al'umma. In ba a ambaci sunan gida a wannan zama ba, da wuya a tuna da shi daga baya.

Na huɗu shi ne rashin yarda. Wasu suna ganin biyan kuɗin ciwo tun ba a yi ciwon ba kamar kiran ciwo ne, wasu kuma suna cewa, "In ban yi rashin lafiya ba, za a maido mini kuɗina?" Amsar ita ce a'a, kuma dole a faɗi haka a fili. Abin ya fi kama da aikin gayya: bana ka yi wa maƙwabcinka noma, baɗi a yi maka. Ba banza ba a Kano ake kiran shirin taimakekeniya. Akwai kuma waɗanda suka taɓa zuwa da kati aka ce musu babu magani, suka koma gida suka ba da labari. Irin wannan labari ya fi sanarwar rediyo gudu.

Na biyar yana zuwa ne bayan rajista. Sunan mutum yakan ɗauki makonni kafin ya fito a littafin asibiti. Wani ba ya sanin wane ɗakin shan magani aka haɗa shi da shi, sai ya tafi wani wuri a ce masa ya biya. Wani ya wuce babban asibiti kai tsaye ba takardar turawa. Mai biya da kansa kuma ya manta cewa katin na shekara ɗaya ne, sai ranar da ciwo ya zo ya tarar ya mutu.

DARASI DAGA WASU ƘASASHE

Waɗannan matsaloli ba mu kaɗai muka sha su ba, kuma yana da kyau mu duba yadda wasu suka yi da su. Ghana ta kafa nata shirin a 2003, ta kuma yafe wa yara da tsofaffi 'yan shekara 70 zuwa sama da matalauta kuɗin shekara, a 2008 ta ƙara da mata masu ciki. Duk da haka miliyoyin mutane suka riƙa barin katinsu ya mutu saboda wahalar zuwa ofis, har sai da aka kawo sabuntawa ta wayar hannu a ƙarshen 2018. A Ruwanda, inda mafi yawan jama'a ke cikin inshorar al'umma, ma'aikatan lafiya na sa kai da ke kowane ƙauye da shugabannin gari ne ke bin gida gida suna tunasarwa. Ko Amurka, da duk ilminta da arzikinta, dokar inshorar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a 2010 sai da ta tanadi wasu mutane na musamman, aikinsu kawai su zauna da mai nema su cike masa takarda kyauta, su bayyana masa rangwamen da ya cancanta. In Ba'amurke mai ilmi yana bukatar ɗan jagora kafin ya shiga, ina ga kakarmu da ba ta taɓa riƙe biro ba?

AIKIN DA KE GABANMU

A nan ne ikilisiyoyinmu ke da abin da ofisoshin gwamnati ba su da shi. Mun san gidajen juna. Zumuntar Mata ta san wadda ke da ciki da wadda mijinta ya rasu. Dattawa sun san tsohon da 'ya'yansa suka tafi birni suka bar shi. Matasanmu suna da waya, sun iya karatu. A cikinmu akwai nas-nas da malaman asibiti da ma'aikatan gwamnati da suka yi ritaya. Kuma kula da majinyata ba baƙon abu ba ne gare mu, tun daga asibitocin Vom da Garkida da Wusasa, har zuwa ƙungiyar CHAN da aka kafa a 1973 domin haɗa kan asibitocin mishan. Abin da muke ba da shawara bai kai gina asibiti wahala ba.

Da fari, kowace ikilisiya ta zaɓi mutum uku ko huɗu amintattu, a cikinsu lalle a sa mata. Su je ofishin hukumar inshora ta jiha ko jami'inta a ƙaramar hukuma, su tambayo abu huɗu: wane ɗakin shan magani aka zaɓa a mazaɓarmu, yaushe za a yi rajista ta gaba, waɗanne takardu ake bukata, nawa ne kuɗin mai biya da kansa. Su kuma karɓo lambar wayar kai ƙara.

Na biyu, a yi jerin masu rauni tun masu rajista ba su zo ba, a duba wa ke da NIN, wa ba shi da ita, a kuma kwatanta sunayen da ke kan takardu. A haɗa tsofaffi a mota ɗaya a kai su wurin yin lambar, ko a roƙi jami'an su zo gari in mutane sun taru da yawa. Kuɗin motar nan ba zai kai rabin baikon da muke yi in ɗayansu ya kwanta asibiti ba.

Na uku, mu shiga kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ke sa ido a kan ɗakin shan magani. Nan ne ake jin labari da wuri, nan ne kuma ake iya tambayar inda kuɗin magani ya shiga.

Na huɗu, waɗanda ba a ɗauka kyauta ba, a taimake su su shiga a ƙungiyance. Lokacin kaka, da hatsi ya shigo gida, shi ne lokacin tara kuɗin shekara. Adashen mata zai iya ware zagaye ɗaya domin wannan. Ikilisiyoyin birni masu hali za su iya ɗaukar nauyin katin marayu goma ko ashirin na wata ikilisiyar karkara, su kuma tuna cewa in an fara, baɗi ma sai an biya.

Na biyar, kada a watse bayan an ɗauki hoto. A riƙe littafi mai sunan kowa da asibitinsa da ranar da katinsa zai ƙare. A raka mutum zuwansa na fari. In aka ce babu magani ko aka nemi kuɗi a kan abin da ke cikin jerin kyauta, a rubuta rana da abin da ya faru, a kai ƙara cikin ladabi, a bi sawu.

Akwai gargaɗi uku da ba za mu bari ba. Mai taimako kada ya karɓi ko sisi, domin rajistar masu rauni kyauta ce, duk wanda ya ce a ba shi na goro kafin ya sa suna macuci ne. Lambar NIN da sirrin ciwon mutum amana ne. Kada a karanta su a wurin sanarwa, kada a miƙa su ga baƙon da ya bugo waya, kuma babu mai rajistar gaskiya da zai nemi lambar sirrin banki. Sa'an nan wannan kuɗi na ƙasa ne, na kowa da kowa. Jerin da za mu yi ya haɗa da maƙwabtanmu Musulmi da duk wani mabukaci a unguwa, zai fi kyau ma a yi aikin tare da mai unguwa da limamai, domin ɗakin shan magani ɗaya muke zuwa, sauro ɗaya ke cizonmu.

ABIN DA YA RAGE GA GWAMNATI

Kada mu ruɗi kanmu ko mu yi wa mutane alkawarin da ba namu ba. Guraben kyauta ƙayyadaddu ne. Mu yi ɗan lissafi: rabin Naira biliyan 55 ɗin nan na 2018, in aka raba shi a kan Naira 15,000 ga mutum ɗaya, ba zai ɗauki mutum miliyan 2 ba, alhali maganar miliyan 83 ake yi. Kuɗin asusun ya ƙaru a shekarun da suka biyo baya, amma tsadar magani ma ta ƙaru. Saboda haka wasu da za mu kai za a ce su jira, kuma ya kamata mu gaya musu haka tun a gida.

A watan Afrilu na 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 bisa ɗari na kasafinsu domin kiwon lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Dokokin jihohi da dama sun tanadi nasu kason domin biya wa talakawa, sai dai rubuta doka daban, sakin kuɗi daban. Muna kira ga gwamnoni su saki wannan kaso a kan lokaci, hukumomin jihohi su riƙa sanar da ranakun rajista da Hausa da sauran harsunanmu tun da sauran lokaci, su tafi da masu yin NIN wurin rajista domin a yi aiki biyu a zama ɗaya, su yi wa 'yan gudun hijira tanadi na musamman, su kuma liƙa jerin magungunan kyauta a bangon kowane ɗakin shan magani.

Jerin sunayen da za mu tara zai ƙara wa wannan kira nauyi. Ɗan majalisa zai iya kau da kai daga koke na baki, amma in aka ajiye masa takarda mai sunayen gwauraye da tsofaffi da naƙasassu na mazaɓarsa waɗanda suka cika sharaɗi ba su sami gurbi ba, tilas ya ba da amsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon majalisar dattawan kowace ikilisiya ta sa wannan batu a zamanta na gaba, ta fitar da sunayen waɗanda za su je ofishin inshora, ta kuma sa musu ranar da za su kawo rahoto.